Wa Ya Auna, Kuma da Wane Mudu?

Jama'ar Mararaban Rido, manya da yara, maza da mata.

Akwai wata kalma da ta zama ruwan dare a unguwar nan, ita ce "babu komai". Dillali zai nuna maka fuloti a kan tsohon ramin da aka cike da shara, ka tambaye shi me ke binne a ƙasa, ya ce babu komai, Alhaji. Mai sayar da duro zai ba ka wanda aka sauke daga masana'anta, ka ce me aka zuba a ciki da, ya ce ai an wanke, babu komai. A haƙa rijiya kusa da inda ake fasa tsohon batir, a ɗanɗana ruwan, a ce garai yake, babu komai. To, mu dai mun tsaya a kan cewa wannan kalma ba hujja ba ce. Duk wanda ya faɗe ta, a tambaye shi abu uku: wa ya auna, da me ya auna, kuma ina lambar da ta fito?

Mu 'yan kasuwa ne. Babu ɗayanmu da zai sayi buhun masara a Saminaka don kawai mai shi ya rantse cike yake. Sai an zuba a mudu ko an ɗora a sikeli, kuma sai mun duba gindin mudun ko an buga shi ciki. In a kan hatsi muna wannan ƙwaƙƙwafi, yaya za a yi a kan ƙasar da 'ya'yanmu za su yi rarrafe a kai mu karɓi maganar baki? Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne a kan gero da dawa. Akwai gubar da ido bai san kimarta ba ko kaɗan, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗaci. Bari mu kawo muku labarin waɗanda aka ce wa "babu komai" daga bakin shugaban ƙasa sukutum.

Can tsakiyar tekun Fasifik akwai tsibiran Marshal, a cikinsu akwai wani da ake kira Bikini. A 1946 Amurka ta kwashe mutanensa su 167, aka ce musu na ɗan lokaci ne, don tana son gwada bam ɗin nukiliya a wurin. Daga 1946 zuwa 1958 ta tayar da bama-bamai 23 a Bikini kaɗai, 67 kuma a tsibiran gaba ɗaya. Mafi girma shi ne na 1 ga Maris 1954, wanda ƙarfinsa ya kai kusan ninki dubu na wanda aka jefa wa Hiroshima. Tokarsa ta zuba a kan mutanen wani tsibiri mai suna Rongelap kamar farin gari, yara har suna wasa da ita.

A 1968 shugaban Amurka Lyndon Johnson ya ba da sanarwar cewa Bikini ya gyaru, masu shi na iya komawa. Masana sun je, sun auna, sun yi lissafi, sun sa hannu. Wasu iyalai suka koma, aka gina musu gidaje, aka dasa kwakwa. A 1978 da aka auna jikin mutanen kansu, sai aka ga wani sinadari mai tururin nukiliya da ake kira siziyom ya taru a naman jikinsu, wasu har sun wuce iyakar da Amurka ta yarda wa nata mutanen. A shekarar aka sake kwashe su, mutum ɗari da 'yan kai. Mutanen Rongelap kuwa an mayar da su gida tun 1957, su ma da tabbacin babu komai. Suka zauna suna fama da ciwon maƙoshi da ɓarin ciki, har 1985 da suka gaji suka roƙi ƙungiyar Greenpeace ta kwashe su a jirgin ruwanta.

To ina lissafin ya karkace? A nan darasin yake, a saurara da kyau. Tururin nukiliya na samun mutum ta hanya biyu. Akwai wanda ke dukan jiki daga waje, daga ƙasar da kake takawa. Akwai kuma wanda ke shiga ciki ta abinci da ruwa da ƙurar da ake shaƙa. Na farko yana da sauƙin aunawa, na'ura za ka riƙe ka zagaya. Na biyu sai da lissafi: nawa ne gubar da ke cikin kilo ɗaya na abinci, kilo nawa mutum ke ci a rana, kwana nawa zai yi yana ci. In aka yi kuskure a ɗaya daga cikin ukun nan, jimla ta lalace, kamar yadda ɗan tireda zai yi asara in ya manta kuɗin mota a lissafin kaya.

Masu lissafin Bikini sun raina yawan kwakwar da mutanen ke ci da ruwanta da suke sha, sun kuma ɗora a kan cewa jirgi zai riƙa kawo abincin waje. Jirgi kuwa wani lokaci sai ya makara, mai jin yunwa kuma ba ya kallon kwakwa a bishiya ya kwana da yunwa. Ga wani abu kuma. Ƙasar tsibirin ta garin dutsen murjani ce, ba ta da fotashiyam sosai, wato sinadarin nan da harafin K ke nufi a jikin buhun takin NPK. Siziyom yana kama da fotashiyam a wurin tsiro, don haka bishiya ta rasa wannan sai ta zuƙi wancan ta kai shi cikin 'ya'yanta. Shi siziyom ɗin nan sai ya yi shekara 30 kafin rabinsa ya mutu. Daga 1954 zuwa 1978 shekara 24 ce, ko rabi bai tafi ba.

Da Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ta sake duba lamarin a 1997, ta ce wanda zai zauna a Bikini yana cin abincin tsibirin zalla zai sha wajen milisibat 15 a shekara. Milisibat shi ne mudun da ake auna wannan tururi da shi. Abin da ɗan Adam ke samu bisa ɗabi'a daga ƙasa da sama, a matsakaicin lissafin duniya, 2.4 ne a shekara, ƙarin da aka yarda wa gama-garin mutane daga aikin masana'anta kuma 1 ne tak. Hukumar ta ce kada a koma zaman dindindin sai an kankare ƙasar wurin gidaje an kuma zuba takin fotashiyam a gonaki. Kun ga bambancin maganar da ke da lamba da maganar da ba ta da ita. Mai lamba ana iya kama shi in ya yi ƙarya, ana kuma iya sanin gyaran da za a yi.

Wani zai ce Malam, ina ruwanmu da tsibirin da ko a taswira ba mu san shi ba? To mu dawo gida. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, hamadar da hazon hunturu ke taso mana daga cikinta. Su ma sun ce babu komai. Gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ta karɓi wannan magana ba, a Janairun 1961 ta sallami jakadan Faransa daga Legas bayan gwaji na uku. Sai bayan fiye da shekara hamsin aka fito da taswirar sojan Faransa da aka ɓoye, wadda ta nuna ƙurar bam ɗin ta bazu a kan babban yanki na Afirka ta Yamma.

Ga kuma Arlit da Akokan a arewacin Agadas, inda 'yan'uwanmu Hausawa daga Maraɗi da Damagaram da Tawa suka daɗe suna zuwa neman abinci tare da Buzaye masu ƙasar. Kamfanin Somaïr ya fara fitar da yuraniyom a 1971, Cominak kuma a 1978, duka a ƙarƙashin kamfanin Faransa da aka sani da Areva, daga baya Orano. Shekara da shekaru kamfani ne ke aunawa, kamfani ne ke da asibiti, kamfani ne ke faɗin sakamako. Sai da wani ma'aikacin wurin, Almustafa Alhasan, da ƙungiyarsa ta Aghir In'Man suka gayyato masana masu zaman kansu na CRIIRAD daga Faransa a Disambar 2003, sannan aka gano ƙarafa masu tururi a kasuwar Arlit ana sayarwa, mutane na kai su gida. A Nuwamban 2009 Greenpeace ta auna titunan Akokan ta samu wurin da tururin ya kai kusan ninki 500 na yadda ya kamata, saboda an yi cikon hanya da tarkacen dutsen ma'adinai. A cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba, huɗu sun wuce iyakar yuraniyom ta Hukumar Lafiya ta Duniya. An rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021, aka bar tulin dusar ma'adinai wajen tan miliyan 20 a gefen gari, kamfanin ya ce zai lulluɓe shi da yumɓu da dutse. Ba a ba kura ajiyar nama, haka nan ba a bar wanda ya zubar da guba shi kaɗai ya riƙe mudun auna ta.

In Nijar ta yi nisa, Zamfara fa? A 2010 likitocin ƙungiyar Na-gari Na-kowa, MSF, suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Abare. Iyaye na cewa zazzaɓi ne, wasu na cewa iska ce. Ashe dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Yara sama da 400 suka rasu. Abin lura shi ne likitocin sun ce ba amfanin ba yaro maganin wanke jini in za a mayar da shi gidan da gubar take, sai an kankare ƙasar gidan an zuba sabuwa an auna. Garin Bagega ya jira har 2013 kafin a saki kuɗin yi masa wannan aiki. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Dalma ba tururin nukiliya ba ce, amma hanyarsu ɗaya: ƙasa, hannu, baki.

Nan kusa da mu kuma, a tudun Jos, dusar kuza da aka bari tun zamanin Turawa tana ɗauke da wasu ma'adinai masu tururi, masana jami'o'inmu sun sha aunawa suna rubutawa. Yashi ne mai kyan gani, mai araha, wanda bai sani ba zai yi bulo da shi ya kwana a ciki. Kaya kuwa ba su san iyakar jiha ba, tifa da tirela na hawa da sauka kullum.

'Yan'uwanmu masu sana'ar gwangwan da bola jari, wannan taku ce. A Satumbar 1987 a garin Goyaniya na ƙasar Barazil, wasu masu tsintar ƙarfe biyu suka ciro wani dunƙulen ƙarfe daga na'urar gashin ciwon daji a wani asibiti da aka yi watsi da shi. Suka fasa, suka sayar wa mai gwangwan. A ciki akwai wani gari mai walƙiya shuɗiya da dare, mai shagon ya kai gida ana ta kallo ana rabawa. Siziyom ne, irin na Bikini. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida, 249 suka gurɓata, aka bi mutum 112,000 ana aunawa. Asibitoci da kamfanonin mai da masu duba walda a ƙasar nan duk suna aiki da irin waɗannan na'urori. Ƙarfe ƙarami mai nauyin da ya wuce girmansa, a rufe ruf, da tambari mai kunne uku kamar farfelar fanka a kan rawaya, don Allah kada a sa masa guduma.

Kada wani ya fita ya ce majallar unguwa ta rubuta akwai nukiliya a Rido. Ba mu faɗa ba. Abin da muka faɗa shi ne unguwa ce mai maƙwabtaka da masana'antu da wuraren ajiyar mai da garejin tankoki, gari na ta faɗaɗa zuwa kan tsofaffin ramuka da juji, ana yanka fuloti ana haƙa rijiya, kuma ba mu taɓa ganin dillali ya fito da takardar gwajin ƙasa ko ta ruwa ba. Mai yiwuwa a auna a samu lafiya lau, mu yi hamdala. Amma sai an auna.

Mun san abin da masu suka za su ce, mun ji shi a majalisa da bakin masallaci.

Na farko ya ce wannan rashin tawakkali ne, abin da Allah Ya rubuto ba makawa. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma kowane ɗalibin Islamiyya ya san Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham da tawagarsa, da labari ya iso masa cewa annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai ya juya Madina. Wa zai ce ya fi shi tawakkali? Mai wannan magana kuma shi ne ke sa kwado biyu a shagonsa da dare ya biya 'yan sintiri. Tawakkalin ya tsaya a kan lafiyar 'ya'ya ke nan, bai kai kan kayan shago ba?

Na biyu ya ce ai ruwan ya halatta, launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canja ba. Gaskiya ne haka muka karanta a littattafan fiƙihu tun muna zaure, kuma alwala da shi ta yi. Sai dai malamai sun kawo wannan ne a babin tsarki. Ruwa na iya zama mai tsarki mai tsarkakewa, ya kuma zama ɗauke da dalma ko yuraniyom da za su lalata ƙoda da ƙwaƙwalwar yaro. Babin cutarwa daban yake, kuma kare rai na cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo don su.

Na uku ya ce za ku karya farashin filaye. To in fili lafiyayye ne, takardar gwaji daraja za ta ƙara masa. In kuwa mai aibi ne, hukuncin ciniki sananne ne: ɓoye aibin kaya haramun ne, mai saye na da damar mayarwa. Wanda ke tsoron a auna, wataƙila akwai abin da ya sani.

Na huɗu ya ce tun yaushe muke sha ba abin da ya same mu. Irin wannan guba ba ta kayar da mutum ranar da ya sha. Mutanen Bikini sun yi shekaru suna cin kwakwarsu suna jin garau. Tana taruwa ne a hankali, ta fito bayan shekara goma ko ashirin da sunan wani ciwo, a ce ajali ne. Babba mai kilo saba'in da ke wuni a kasuwa shi ne ya fi kowa tsira. Wanda ya fi shan ta shi ne mai rarrafe da ke kai hannu baki, da mai ciki da ke wuni a tsakar gida, wata ma tana kwaɗayin farar ƙasa. Duk lissafin da aka yi a kan magidanci aka manta da waɗannan, tauyayyen mudu ne.

Na biyar shi ne ya fi ciwo. Ya ce mu baƙi ne, mu yi shiru kada a ce muna tayar da fitina. Wallahi guba ba ta tambayar ƙabila. Rijiyar Bahaushe da ta Bagwari jijiyar ruwa ɗaya suke sha, ƙurar da ta shiga masallaci ita ce ke shiga coci. Wannan magana ce da ya kamata mai unguwa da liman da fasto su ɗauka tare su kai gaban hakimi da ƙaramar hukumar Chikun. Kuma a cikinmu akwai waɗanda suka baro Kafanchan da Zonkwa bayan rikicin Afrilun 2011, wasu har suka zauna a sansanin alhazai na Mando. Su sun san yadda kewar gida take, sun san mai ɗokin samun matsuguni ba ya yawan tambaya. Da wannan ɗoki aka ci mutanen Bikini. Wanda ya sha wuyar rasa gida sau ɗaya bai kamata a sayar masa da ciwo da sunan fuloti mai araha ba.

Ga abin da muke kira a yi.

Kada kowa ya biya kuɗin fili a kan tsohon rami ko juji ko garejin tanka sai an gwada ƙasar da ruwan. A haƙa a ɗebo daga ƙasa sosai, don jar ƙasar da aka shimfiɗa a sama ba ta nuna abin da ke ƙarƙashi.

Mai aunawa kada ya zama wanda mai sayarwa ya kawo. Wuraren zuwa suna nan kusa. Akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, CERT, wadda aikinta ke nan auna tururi da ƙarafa masu guba. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando. Akwai hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, da ta tarayya, NESREA. Abin da ya shafi ƙarfe mai tambarin nukiliya kuma na hukumar NNRA ne. A raba samfuri biyu a kai wuri biyu, a gaban shaidu, kamar yadda ake ƙirga kuɗin masallaci.

Sakamako ya zo a rubuce da lambobi, kusa da kowace lamba a sa iyakar da aka yarda da ita. A fassara da Hausa, a karanta bayan sallar Juma'a da ranar Lahadi a coci, a liƙa a ƙofar mai unguwa.

A auna da rani, a sake da damina, domin ruwan sama na motsa abin da ke kwance. A maimaita bayan shekara biyu ko uku. Da mutanen Bikini an tsaya a kan awon farko, da ba a gane komai ba sai a makabarta.

Duron da aka zuba sinadarin masana'anta kada a mayar da shi na ruwan sha ko na jiƙa gero, komai wankin da aka yi masa. Masu fasa batir da narka dalma su fita daga cikin gidaje, su sauya kaya su yi wanka kafin su ɗauki yaro.

Kuɗin fa? Unguwar nan ta iya karo-karo in taransifoma ta ƙone, ta iya in za a yi kwalbati. Ƙungiyar 'yan kasuwa da ta matasa da iyaye mata masu adashi su ware wani abu, a fara da rijiyoyin da jama'a suka fi ɗiba da na makarantun allo da Islamiyya.

Dillalai kuma, ku 'yan'uwanmu ne, tare muke sahu. La'adar fuloti ɗaya ba ta kai ran yaro ɗaya ba. Daga yau in mai saye ya tambaye ku me ke ƙasa, ko dai ku nuna takarda, ko ku ce a je a auna. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah Ya kare mu da zuriyarmu daga cutar da muke gani da wadda ba mu gani, Ya zaunar da unguwarmu da jiharmu lafiya.